Daga jijiya zuwa firiza: yadda za ka fara binciken HIV da garkuwar jiki a Sakkwato

Ɗalibin da ya gama karatun kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, ko na ƙananan halittu, ko likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma yana son ya zama mai binciken ƙwayar HIV, yawanci hankalinsa yana kan manyan na'urori. To amma a garin nan, abin da ke yanke hukunci kan ko bincike zai yi amfani ko zai tashi a banza shi ne awa 8 na farko bayan an zare allura daga hannun mutum. Ƙwayoyin garkuwar da kake son ka auna rayayyu ne. Suna gajiya, suna mutuwa, kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba ya raga musu. Wanda ya iya fito da su daga jini, ya daskare su, ya farfaɗo da su suna aiki, ya riga ya mallaki abin da duk wani babban ɗakin bincike ke nema a hannun sabon shiga.

Tambayar da ta dace da nan

A 1983 ne Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka gano ƙwayar a Cibiyar Pasteur da ke Faransa, a 1986 kuma aka ba da rahoton masu cutar na farko a Najeriya. Tun daga nan, mafi yawan abin da aka sani game da yadda jiki ke yaƙar ta an samo shi ne daga nau'in B na Amurka da Turai, da nau'in C na kudancin Afirka. Mu nan nau'in G da CRF02_AG ne suka fi yawa, kuma ƙwayar da aka fara siffanta CRF02_AG da ita ma daga Ibadan aka samo ta. Da ka tsallaka Illela zuwa Birnin Ƙonni ka shiga ƙasar da ake yawan samun CRF06_cpx, mutane kuma kullum suna kai da kawo a kan wannan hanya.

Jikin mutanenmu shi ma da nasa bambancin. Ƙwayoyin CD8, wani rukuni na ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T, masu kashe ƙwayar jikin da cuta ta shiga, ba sa ganin HIV sai wani sinadari mai suna HLA ya ɗaga musu guntunta. HLA gado ne. An san B*57 da B*27 suna taimaka wa wasu su danne cutar, B*53 kuwa, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, an fi saninsa da alaƙarsa da kariya daga matsanancin zazzaɓin cizon sauro. Yadda nau'in G ke haɗuwa da irin HLA ɗin mutanen Gobir da Zamfara da Kabi bai samu aikin da B da C suka samu ba. Tambaya ce da ɗan Sakkwato ya fi kowa kusa da ita.

Sai dai ka yi lissafin mutane tun da wuri. Ƙidayar masu HIV ta ƙasa, NAIIS, ta 2018 ta sami kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 a faɗin ƙasa, Arewa maso Yamma kuma kashi 0.6. Alheri ne, amma yana nufin tara mutum 60 zai ɗauki watanni. Ban da haka, yanzu duk wanda aka gano yana ɗauke da ita ana fara ba shi magani nan take, galibi haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Ba ya halatta a jinkirta wa mutum magani ko da kwana ɗaya saboda bincikenka. Tsarin da ya fi sauƙi ga mai farawa shi ne ka ɗibi jini ranar da aka tabbatar da cutar, kafin ƙwayar magani ta farko, sannan ka sake ɗiba bayan wata 6, ka kwatanta mutum da kansa.

Izini, sirri da kare kanka

Kafin ka taɓa jinin kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da tsarinka a rubuce, na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Ma'aikatar Lafiya ta jiha, gwargwadon inda za ka ɗauki mutane. Ka rubuta takardar neman yarda da Hausar da Inna za ta gane in an karanta mata, ka faɗi adadin jinin da cokali: mililita 30 cokalin cin abinci 2 ne. Ka ce mata a fili, "Inna, ko kin ƙi, maganinki yana nan yadda yake." In matar aure ce ta ce sai ta shawarci maigida, ka ba ta lokaci, amma yardar tata ce, kuma ba kai ne za ka faɗa wa kowa matsayinta ba. Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta kare wannan sirri. A jikin kwalba lamba kaɗai ake rubutawa. Littafin da ya haɗa lamba da suna yana zama a kulle, wuri daban da ɗakin aiki.

Kai ma ka fara da kanka. Ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3, ta farko, sai bayan wata 1, sai a wata na 6. In allurar da ta taɓa jinin mai HIV ta soke ka, haɗarin kamuwa kusan 3 ne cikin 1,000, amma na ciwon hanta B yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. In tsautsayi ya faru ka wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ka matse, ka fara maganin kariya cikin awoyin farko, kada ya wuce awa 72, ka sha na kwana 28. Duk buɗe kwalba a cikin akwatin kariya mai tace iska aji na 2 ake yinsa, da safar hannu da rigar lab. Na goge jinin da ya zube, ka haɗa bilic mai ƙarfin kashi 0.5: in na kashi 3.5 ne irin Jik, awo 1 a cikin awo 6 na ruwa, sabon haɗi kowace safiya domin zafi yana kashe ƙarfinsa. Abin da ake bayani a nan aikin jinin majiyyaci ne. Renon ƙwayar HIV ɗin kanta don ta hayayyafa yana buƙatar ɗaki mai matakin tsaro da ya fi wannan.

Ɗibar jini

Launin murfin kwalba ba ado ba ne. Mai murfi shunayya, wato EDTA, ita ce ta ƙirgen CD4, ƙwayoyin T da HIV ke kai wa hari, da ta auna yawan ƙwayar cuta a jini. Mai murfi kore, ta hefarin, ko rawaya ta ACD, su ne na ƙwayoyin da za ka gwada aikinsu. Kada ka musanya su. Hefarin yana hana gwajin PCR, wanda ake auna yawan ƙwayar cutar da shi, tafiya, sai ka ga yawan ƙwayar cuta ya fito ƙasa da gaskiya ko gwajin ya lalace. EDTA kuma tana kame sinadarin kalsiyam, wanda ƙwayoyin T ke buƙata kafin su motsa. Ga babba, mililita 4 a EDTA da mililita 20 zuwa 30 a hefarin sun isa aikin farko. Ka cika kowace kwalba zuwa layinta, ka juya ta sama da ƙasa a hankali sau 8 zuwa 10, ba girgizawa ba, sannan ka rubuta lokacin ɗiba har da minti.

Ka tsayar da lokaci ɗaya na ɗiba ga kowa, misali tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe, domin adadin CD4 yana sauyawa a cikin yini, ya fi ƙasa da safe ya ɗan hau da yamma. In ka ɗibi na farko da hantsi, na wata 6 da la'asar, wani ɓangare na bambancin da za ka gani agogo ne ya kawo shi.

Jinin da za a fitar da ƙwayoyi daga cikinsa yana son digiri 18 zuwa 25. Nan ne mutane ke kuskure ta fuska biyu: wani ya bar shi a aljihun babur cikin rana, wani kuma don tsoron zafi ya kwantar da shi kan ƙanƙara. Duka biyun ɓarna ne. Ka sa kwalaben a tsaye cikin kula, ka ajiye robar ruwa mai sanyi wadda ba ta daskare ba a gefe, ka raba su da kwali, ka jefa ma'aunin zafi a ciki. Burinka ƙwayoyin su shiga firiza kafin awa 8. Bayan haka wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil suna fara motsawa, nauyinsu ya ragu, su biyo ƙwayoyinka zuwa layin da ba nasu ba, su kuma danne aikin ƙwayoyin T. Saboda haka jinin da aka ɗiba a Sabon Birni ko Isa da rana tsaka bai dace da wannan aiki ba. Daga irin waɗannan wurare ka tsaya kan ruwan jini, ko busasshen ɗigon jini a katin Whatman 903, wanda ake shanyawa a inuwa aƙalla awa 4 kafin a rufe shi da abin tsotse laima.

Ruwan jinin EDTA ka ware shi cikin awa 6: ka sa shi a na'urar juyawa a ƙarfin g (ma'aunin ƙarfin juyi) 800 zuwa 1,600 na minti 20, ka raba shi mililita ɗaya-ɗaya, ka sa a firizar digiri 80 ƙasa da sifiri. Rabawar tana hana ka narkar da duka don gwaji ɗaya.

Raba ƙwayoyi da Ficoll

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma hannu ne ke koyonsa. Ficoll-Paque ruwa ne mai nauyin giram 1.077 a kowace mililita. Jajayen ƙwayoyin jini da niyutirofil sun fi shi nauyi, sai su nutse. Limfosayit (ƙwayoyin T suna cikinsu) da monosayit, fararen ƙwayoyin jini da a haɗe ake kira PBMC, ba su kai shi nauyi ba, sai su tsaya a samansa.

Ka fito da Ficoll da ruwan gishirin lab mai suna PBS su daidaita da ɗaki mai digiri 18 zuwa 20. Ka gauraya jini da PBS awo ɗaya da ɗaya. Ka zuba Ficoll mililita 15 a kwalbar mililita 50, ka karkata ta, ka ɗora bakin fifet, wato bututun tsotsar ruwa, a jikin bango, ka sako gaurayayyen jinin mililita 30 zuwa 35 sannu a hankali har ya kwanta a sama, iyakar da ke tsakaninsu ta fito kamar an ja layi. In ka ga ja ya kutsa cikin Ficoll kamar hayaƙi, ka yi gaggawa. Ka daidaita nauyin kwalabe a sikeli, ka rufe bokitan na'urar juyawa da murafunsu, ka juya a g 400 na minti 30 zuwa 40, birki a kashe. Na'urar za ta ɗauki lokaci kafin ta tsaya da kanta. Ka jira. Birki yana girgiza layin ya watse, aikin awa biyu ya tafi.

Abin lura a nan, g daban, juyi a minti daban. Na'urori da yawa juyi kaɗai suke nunawa, kuma kwafar adadin juyi daga takardar wani lab kuskure ne, domin tsawon hannun na'ura ya bambanta. Lissafin shi ne: g daidai yake da 0.00001118, sau tsawon hannu a santimita, sau adadin juyi, sau adadin juyi kuma. Ka auna daga tsakiyar na'ura zuwa gindin bokiti in ya miƙe. In santimita 16 ne, g 400 kusan juyi 1,500 ne. In santimita 10 ne, sai ka kai kusan 1,900. Ka rubuta naka ka manna a jikin na'urar.

In komai ya yi daidai za ka ga hawa huɗu: ruwan jini rawaya a sama, wani siririn farin gajimare, Ficoll garau, sai ja a ƙasa. Gajimaren nan shi kake nema. Ka tsotse shi da fifet kana zagaya bango, ka rage kwasar Ficoll gwargwadon iko domin yana cutar da ƙwayoyi in sun daɗe a ciki, ka rage kwasar ruwan sama domin cike yake da filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini a rauni. Ka zuba a sabuwar kwalba, ka cika da PBS zuwa mililita 50, ka juya a g 300 na minti 10, yanzu da birki. Ka zubar da ruwan, ka ɗan ƙwanƙwasa gindin kwalbar da yatsa har dunƙulen ya saki, sannan ka ƙara PBS. Wanki na biyu ka yi shi a g 200 don filatilet su tafi da ruwan sama.

Zafin ɗaki yana shiga wannan aiki kai tsaye. In ya yi yawa, jajayen ƙwayoyi suna saurin dunƙulewa su ja limfosayit zuwa ƙasa, sai ka fito da kaɗan. In Ficoll daga firij ya fito da sanyinsa, jajayen ba sa nutsewa da kyau, sai gajimaren ya fito ja-ja. Na'urar da ba ta da sanyaya ciki tana ɗumama kanta a cikin minti 30, don haka a watannin bazara ka kunna na'urar sanyaya ɗaki tun kafin jini ya iso, ka kuma bar murfin na'urar juyawa a buɗe tsakanin zagaye. Jinin mai ƙarancin jini sosai ko mai sikila shi ma yakan bar ja a layin ko da hannunka ya yi kyau. A nan sai ka fasa jajayen da ruwan ACK na 'yan mintoci, ka sake wankewa, ka rubuta cewa ka yi hakan. Akwai kwalabe masu shinge a ciki irin SepMate da ke gama aikin a g 1,200 cikin minti 10 da birki. Suna da sauƙi, suna da tsada, kuma gara ka fara iya na hannu domin ranar da suka ƙare.

Ƙirga

Ka narkar da dunƙulen a mililita 10 na PBS. Ka ɗauki maikurolita 10 ka haɗa da maikurolita 10 na shuɗin tirifan mai kashi 0.4, ka sa a gilashin ƙirga na Neubauer, ka duba a madubin lab kafin minti 5, domin bayan haka rayayyun ma suna fara shan launi. Matattu shuɗi, rayayyu masu sheƙi. Ka ƙirga manyan murabba'ai 4 na kusurwa. A ce ka sami rayayyu 480: raba 4 ya ba da 120, sau 2 na gaurayawa, sau 10,000, ya zama miliyan 2.4 a mililita, wato miliyan 24 a kwalbar. Lafiyayyen babba yakan ba da miliyan 1 zuwa 2 daga kowace mililitar jini, wanda CD4 ɗinsa ya faɗi ƙasa da 200 kuwa yakan ba da ƙasa da haka. Sabbin ƙwayoyi ya kamata rayayyunsu su haura kashi 90. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ƙirga jajayen ƙwayoyi a matsayin limfosayit, sai lissafi ya kumbura, daga baya a zuba rabin abin da ake zato a gwaji.

Daskarewa, da maganar wuta

Ruwan daskarewa kashi 90 ruwan jinin ɗan tayin saniya ne, FBS, kashi 10 kuma DMSO, a haɗa a sanyaya tun kafin lokaci. DMSO yana hana ƙanƙara yin tsini a cikin ƙwaya, amma a zafin ɗaki guba ne gare ta. Don haka ka rubuta lambobi a 'yan kwalaben daskarewa tukuna, da alƙalamin da barasar lab ba ta gogewa, sannan ka zuba ruwan a kan ƙwayoyi ɗigo-ɗigo kana motsawa, miliyan 5 zuwa 10 a kowace mililita, mililita 1 a kowace kwalba. Daga zuba DMSO zuwa shiga firiza kada ya wuce 'yan mintoci.

Sanyin dole ya sauka da digiri 1 a minti. Abin da robar Mr. Frosty ke yi ke nan, da aisofurofanol mililita 250 a cikinta, wanda ake sauyawa bayan amfani 5. Ka sa ta a firizar 80 ta kwana. In ka jefa kwalba tsirara a firiza, sanyi ya kama ta da sauri, ƙanƙara ta farfasa ƙwayoyin daga ciki. Washegari, ko a cikin kwana 3, ka mayar da su tankin ruwan naitirojin, a sashen tururi, inda sanyi ya zarce digiri 135 ƙasa da sifiri. A can suna shekaru. A firizar 80 kuwa aikinsu yana raguwa a hankali cikin watanni.

Nan ne ya kamata ka faɗa wa kanka gaskiya. In ba ka da tabbacin samun naitirojin a kai a kai, kada ka tsara binciken da ya dogara da ajiyar shekara biyu. Ka tsara shi kan sabbin ƙwayoyi, ko ka yi gwajin cikin 'yan makonni. Tankin da ya bushe sau ɗaya ya tafi da jinin da mutane suka ba ka amana. In kana da shi, ka auna zurfinsa da sanda kowane mako ka rubuta, ka ajiye shi inda iska ke shiga, domin lita 1 ta ruwan tana zama kusan lita 700 ta iska, tana kore iskar shaƙa ba wari ba alama. Kada a ɗauko shi a cikin mota ɗaya da mutane gilashi a rufe.

Firizar 80 kuma ba a yi ta don ɗakin da ya kai digiri 40 ba. Tana son ɗaki mai sanyi, da na'urar daidaita wuta, da janareta ko sola da inbata da aka auna za su iya ɗaukar ƙarfin tashinta, wanda ya ninka na tafiyarta. Ƙurar hunturu tana toshe matacin da ke gabanta, injin ya yi ta wahala har ya ƙone, don haka daga Disamba zuwa Fabrairu ka wanke matacin kowane mako. In an ɗauke wuta kada a buɗe ƙofa. Ka sa ma'aunin da ke ajiye tarihin sanyi a ciki, ka manna lambar wayar mutum biyu a ƙofar, ka kuma raba samfurin kowane mutum gida biyu a firiza biyu.

Farfaɗowa da gwajin ELISpot

Daskarewa a hankali, narkarwa da sauri. Ka tsoma gindin kwalbar a ruwa mai digiri 37 har sai ɗan guntun ƙanƙara ya rage, ka goge ta da itanol mai kashi 70, ka ƙara ɗumammen ruwan renon ƙwayoyi na RPMI mai kashi 10 na FBS ɗigo-ɗigo zuwa mililita 10, ka wanke sau 2. In ƙwayoyi sun dunƙule kamar majina, DNA ɗin matattu ne ya manne su, Benzonase ko DNase yana warware shi. Ka bar su su kwana a inkubeta mai digiri 37 da kashi 5 na iskar kabon, kusan miliyan 2 a mililita, ka sake ƙirgawa da safe. Ƙirgen safen nan shi ne na gaskiya, domin waɗanda suka kama hanyar mutuwa sun riga sun mutu.

ELISpot shi ya fi dacewa da mai farawa, don ba ya buƙatar na'urar fulo saitometiri. Yana ƙirga ƙwayoyin T da ke fitar da sinadarin garkuwa mai suna intaferon gama idan sun ga guntun HIV. Faranti ne mai rijiya 96 da farar fata a ƙasa. Ka jiƙa ta da itanol mai kashi 35 na ƙasa da minti 1, ka wanke, ka shimfiɗa antibodin kamawa ya kwana a digiri 4. Washegari ka zuba ƙwayoyi 200,000 a kowace rijiya, ka ƙara guntayen furotin ɗin HIV, masu amino asid 15 da ke hawa kan juna da 11, maikurogiram 1 zuwa 2 a mililita, rijiya 3 ga kowane rukuni. DMSO ɗin da ya biyo guntayen kada ya kai kashi 1. Kowane mutum yana buƙatar rijiyoyin da ba a sa komai ba sai DMSO, wato rijiyoyin banza, da rijiyar PHA wadda ke tada kowace ƙwayar T mai rai. Awa 16 zuwa 20 a inkubeta, kuma kada a taɓa farantin, kada a riƙa buga ƙofar inkubeta, domin motsi yana mayar da ɗigo ya zama jirwaye.

Bayan an fito da launi kowane ɗigo ƙwaya ɗaya ce da ta amsa. In rijiyoyin Gag, ɗaya daga furotin ɗin HIV, sun ba da matsakaicin 46, na banza 4, saura 42, sau 5 domin 200,000 ka zuba, ya zama 210 a kowane miliyan. Ka rubuta ma'aunin abin da za ka kira amsa tun kafin ka ga sakamako, misali aƙalla 50 a miliyan kuma ninki 4 na rijiyar banza, kada ka sauya shi daga baya. In PHA bai ba da komai ba, ƙwayoyin ne suka mutu, ba mutumin ne ba shi da garkuwa ba, kuma ba a sa wannan a lissafi. In rijiyar banza ta cika da ɗigo, ka zargi FBS ɗin ko gurɓata. Shi ya sa ake gwada kwalbar FBS tukuna, a kuma yi duk binciken da rukuni ɗaya.

Ka fara da Gag. Aikin da aka yi a Durban aka wallafa a 2007 ya nuna cewa masu amsar CD8 mai faɗi a kan Gag sun fi ƙarancin ƙwayar cuta a jini, amma a nau'in C aka yi shi. Ka kula da asalin guntayen da ka saya: in na nau'in B ne, mai ɗauke da G zai iya gaza gane wasu, ka rubuta rauni alhali rashin dacewa ne. Haka rukunin CEF, guntayen wasu ƙwayoyin cuta da yawancin mutane suka taɓa haɗuwa da su, da ake sawa don tabbatarwa, an tsara shi ne bisa HLA ɗin da ya fi yawa a Turawa, saboda haka shirunsa a jinin Basakkwace ba hujja ba ce cewa ƙwayoyin sun lalace.

Abin da ke rikita sakamako

Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga yawan HIV a jini na ɗan lokaci, yana kuma tada alamun motsin garkuwa irin CD38 da HLA-DR. A Sakkwato yana da lokacinsa, daga tsakiyar damina zuwa kaka. In ka tara majiyyata a Satumba, lafiyayyun da za ka kwatanta da su kuma a Maris, damina da bazara ka kwatanta. Ka riƙa ɗaukar rukunin biyu a mako ɗaya, ka yi wa kowa gwajin zazzaɓi ranar ɗiba, ka rubuta tarin fuka, ciwon hanta B, juna biyu, da ko mutum yana shan maganinsa yadda aka ce. A watan azumi mutane da yawa ba sa son a ɗibi jininsu da rana, ka sa wannan a jadawali tun farko. In kana da tankin naitirojin, samfurin farko da na wata 6 na mutum ɗaya a faranti ɗaya ake gwada su, rana ɗaya.

Ƙofa ta gaba

Mai kimiyyar lab yana buƙatar lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da masu kimiyyar lab a Najeriya, sannan takardun horo kan ɗa'ar bincike da kyakkyawan aikin lab. Ka koyi manhajar R don lissafi tun kana digiri na biyu. Wuraren da ake wannan aiki da zurfi sun haɗa da Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cutar Ɗan Adam ta Najeriya, IHVN, da aka kafa a 2004 a Abuja, da cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, a Yaba, da cibiyar ACEGID a Ede don karanta ƙwayoyin gado, da cibiyar WACCBIP a Jami'ar Gana, da haɗakar SANTHE da Farfesa Thumbi Ndung'u ke jagoranta daga Durban. Malaman jami'a suna da ƙofar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. In haɗin gwiwa ya kai ga aika samfur, jinin majiyyaci yana tafiya ne a ƙunshi mai hawa 3 da alamar UN3373, a kan busasshiyar ƙanƙara ko a tankin tafiya na naitirojin, kuma fitar da shi ƙasar waje sai da yarjejeniyar miƙa samfur da aka yi wa rajista a kwamitin ɗa'a na ƙasa, NHREC. A cikin yarjejeniyar ka tabbata an rubuta cewa kashi ɗaya na samfurin zai zauna a Sakkwato, da kuma matsayinka a abin da za a wallafa.

Kafin duk wannan, ka nemi izinin yin atisaye da jinin masu sa kai da ba su da cutar, sau 10 aƙalla. Kowane zagaye ka cika layi ɗaya a tebur: lokacin ɗiba, lokacin shiga firiza, zafin ɗaki, mililitar jini, adadin da ka samu, kashin rayayyu, sannan adadi da kashin rayayyu bayan narkarwa da kwana. In ka kai inda kake dawo da kusan kashi 70 na abin da ka daskare, rayayyu sama da kashi 80, sau 3 a jere, ka fara karɓar jinin majiyyata. Teburin nan, har da layukan da suka lalace da dalilin lalacewarsu, ka haɗa shi da wasiƙarka ta farko zuwa ga farfesan da kake son ya ɗauke ka.